Filin Tambaya da Amsa: Sassaƙa Hoton Dabba a Katako da Buga Shi a Takarda

Wasiƙun wannan watan duka a kan sana'a ɗaya suke: a zana dabba a kan allon katako, a sassaƙe duk inda ake so ya fito fari, a shafa wa abin da ya rage tawada, a ɗora takarda a goga, hoton ya fito. Masu hatimin roba a kasuwa sun san tushen abin, domin ƙa'idar ɗaya ce: wurin da ya yi tudu shi ke ɗaukar tawada, wurin da aka rarake ba ya ɗauka. Mutum biyu sun tambayi hukuncin zana surar mai rai. Wannan fagen malaman fiƙihu ne, a kai musu tambayar. Duk dabarun da ke ƙasa suna aiki daidai ga mai son sassaƙa ganye, itace, gini ko dagi.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibin zane ne. Na ɗauki hoton wani baƙin doki da wayata a wurin hawan sallah, na kwafe shi a katako layi bayan layi, na sassaƙa. Da na buga sai ya fito baƙin dunƙule, ba a bambanta kai da wuya, ƙafafun kuma kamar na tebur. Ina na kuskure? (Daga wani ɗalibi a Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗalibi. Kuskuren ya faru tun kafin ka ɗauki wuƙa. Hoton waya yana ɗauke da launin toka kala-kala tsakanin fari da baƙi, katako kuwa abu biyu kawai ya sani: an yanke ko ba a yanke ba. Duk wani toka-toka da ke jikin dokin nan, kai ne za ka yanke masa hukunci, ko ya koma fari ko ya koma baƙi. Ka kwafi layin kewayen jikinsa ka bar cikin ba hukunci, shi ya sa ka sami dunƙule.

Ga yadda ake yi. Ka mai da hoton baƙi da fari a waya, ka ƙara masa tsananin bambanci har tokar ta kusa ɓacewa. Ka dube shi da ido a runtse rabi. Abin da ya rage yana haske, wato doron baya, ƙashin kumatu, kafaɗa, tudun gindi da gaban ƙwauri, shi ne abin da wuƙarka za ta cire. Daga nan ka ajiye fensir, ka ɗauki baƙar maka (alƙalamin tawada) mai kauri ko buroshi da tawada, ka zana dokin sau uku ko huɗu a takarda mai girman katakonka. Kada ka yi siririn layi ko ɗaya. In zanen makar bai yi kama da doki daga nesan taku biyar ba, sassaƙar ma ba za ta yi ba, gara ka gane haka a takardar banza da ka gane bayan kwana uku kana sara.

Baƙar dabba tana son farin fili a bayanta, farar dabba kuma tana son baƙi. Mai sassaƙa balbela ko farar saniyar Fulani ya bar bayan fagen baƙi ya rarake jikinta. Inda baƙin kai ya hau kan baƙin wuya, ka raba su da farin layi, amma kada ka kewaye dokin gaba ɗaya da layi mai kauri ɗaya, zai zama kamar an zana shi da alli a allon makaranta. Layin ya yi kauri a ɓangaren da rana ta bugo, ya sirance, har ya ɓace a ɓangaren inuwa.

Batun ƙafafu kuma laifin hoton ne da rashin zane da ido. Kyamarar waya in ka matso kusa tana kumbura abin da ya fi kusa da ita, kai ya yi ƙato, ƙafafu su tsuke. Ka ja baya kamar mita huɗu ko biyar, ka jawo hoton da zum, ka durƙusa har wayar ta yi daidai da tsakiyar jikin dabbar. Ka ɗauka da hantsi ko bayan la'asar lokacin da haske ke zuwa daga gefe. Ranar tsaka tana zubo haske daga sama ta cika ciki da ƙafafu da duhu, ba abin da za ka gani a can.

Sannan ka je inda ake ɗaure dawaki da ƙaramin littafi, ka yi zanen minti ɗaya-ɗaya guda ashirin. Hoto yana ba ka gashi da ƙyallin ido, zanen ido kuwa shi ke koya maka inda nauyin dabba yake sauka. Ka lura da gaɓar nan ta ƙafar baya wadda ta lanƙwasa ta baya: mutane suna ɗaukarta gwiwa ce, alhali ita ce daidai da diddigen mutum, gwiwar ta gaskiya tana can sama kusa da ciki. Wanda ya gane wannan ba zai ƙara yi wa doki ƙafar tebur ba. Haka raƙumi: in yana tafiya ƙafafun ɓangare ɗaya ne suke ɗagawa kusan tare, na dama biyu sannan na hagu biyu, in ka ba shi takun jaki duk wanda ya tashi da raƙuma zai ga ba daidai ba ne ko da bai iya faɗin dalili ba.

Tunda kana Zariya, ka san cewa a garinku ne Bruce Onobrakpeya, ɗaya daga cikin manyan masu ɗab'in zane a Afirka, ya yi karatu, kuma yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958. Ka nemi ayyukansa na farko ka duba yadda yake raba baƙi da fari.

Tambaya: Barka da aiki. A bidiyo ina ganin suna amfani da wani katako na Japan da babu shi a nan. Wane katako zan saya a kasuwar 'yan katako? (Daga wani kafinta a Maraɗi)

Amsa: Barka kadai, Malam. A Japan tsofaffin masu wannan sana'a da itacen ceri suke aiki, na yanzu kuma da wani filawud mai laushi da suke kira shina. Abin da ake nema a cikinsu shi ne jijiya mai laushi wadda ta kwanta daidai, ba ƙulli, ba manyan ramuka. Ana samun wannan a nan.

Mai koyo ya fara da filawud mai kaurin milimita 9 zuwa 12, a yanka shi santimita 15 a 20. Ka duba gefensa: in fallen sama siriri ne kamar takarda, bar shi, zai riƙa ɓallewa, kuma manne da ke ƙarƙashinsa yana dakushe wuƙa. Obece yana da daɗin yanka amma ya cika laushi, siririn layi yana murƙushewa bayan 'yan bugu. Malaina tsaka-tsaki ce, tana da kyau in ta bushe sosai. Maɗaci yana riƙe layi, sai dai jijiyarsa tana sauya hanya kuma yana da ƙananan ramuka da ke fitowa a bugu kamar ɗigon fari. A jikin giwa ko ƙadangare wannan ado ne, a fuskar kyanwa kuwa aibi ne. Kanya da ƙirya suna da tauri ƙwarai, suna ba da layi siriri kamar gashi ga wanda wuƙarsa ke aski, amma ba na mai fara koyo ba ne. Katakon MDF, wanda ake yi da garin katako da aka matse, ba shi da jijiya, yana yankuwa ta kowane gefe, sai dai ruwa yana kumbura shi, kuma ƙurarsa ba ta da kyau ga huhu, a rufe hanci in ana goge shi.

Ko wanne ka zaɓa, ya zama busasshe. Ɗanyen katako yana lanƙwashewa da hunturu, rolar shafa tawada kuma ba ta taɓa tsakiyar lanƙwasasshen allo. Ka naɗe samfefa a jikin guntun katako mai lebur, ka goge da lamba 220 sannan 400, kana bin jijiya. Ka aza ruler ta ƙarfe a kai ka ɗaga wa haske, in haske na wucewa ta ƙasa akwai kwari a wurin. A ƙarshe ka shafa masa tawada ja ko shuɗiya da aka tsinka da ruwa, ka bari ta bushe. Amfaninta shi ne duk inda wuƙa ta ci zai fito fari tas, kana ganin hotonka yana tasowa tun kana sassaƙa.

Tambaya: Na sassaƙa rago yana kallon dama, da na buga sai ya juya hagu, sunana da na rubuta a ƙasa ma ya koma baibai. Yaya ake kwafar zane a katako? (Daga wata malamar firamare a Katsina)

Amsa: Malama, haka ɗab'i yake, kamar madubi ne. Hanya mafi sauƙi ita ce wadda ke juya zanen da kanta. Ki ɗora takarda mai shara-shara a kan zanenki, ki bi layukan da fensir mai laushi, 4B ko 6B. Ki kife ta a kan katakon, ɓangaren fensir yana ƙasa, ki manne gefe ɗaya da salatif, ki goga bayanta da bayan cokali. Fensir zai sauka a juye, bugu kuma zai sake juya shi ya koma daidai. Ki bi layin da maka wadda ruwa ba ya wankewa, ki cike duk inda zai zauna baƙi, don kada hannu ya goge shi ana cikin aiki. In da takardar kabon za ki yi, sai kin fara juya zanen, ko a waya ko ta bin sa daga bayan takardar a jikin gilashin taga.

Masu sana'ar a Japan manne siririyar takardar suke yi a kife a kan katako da kunun shinkafa, in ta bushe su murje bayanta da ɗan yatsa mai laima har layin ya bayyana, su sassaƙa ta cikin takardar. Tana da kyau ga zane mai ƙananan abubuwa da yawa. Suna kuwa, bar sassaƙa shi: da fensir ake sa hannu a ƙasan hoton bayan ya bushe.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ina son yin zabuwa da bushiya. Amma duk lokacin da na zo yanka sai katakon ya tsage ya wuce inda nake so. Kuma wuƙaƙe nawa ya kamata in mallaka? (Daga wani mai sassaƙar ƙwarya a Kano)

Amsa: Tare da kai, Malam. Hannunka ya riga ya saba da ƙwarya, abin da ya rage shi ne ka saba da jijiya, wadda ƙwarya ba ta da ita. Kayan aiki huɗu sun isa: wuƙa mai karkataccen baki, ƙarfe mai baki kamar harafin V na layi, ƙaramin mai baki kamar U mai faɗin milimita 3, da babban U mai milimita 9 ko 10 na share fili. In ba a samu na saye ba, tsohon zarton yankan ƙarfe yana ba da wuƙa mai kyau, haƙarƙarin tsohuwar lema na ƙarfe kuma dama a kwarmine yake, a yanko tsawon santimita 8, a dasa a ƙota, a wasa shi ta waje, ya zama ƙaramin U.

Tsagewa tana da dalili uku. Na farko dakushewa. Wuƙa mai kaifi tana fitar da ɓawo mai naɗewa, kuma ramin da ta bari yana sheƙi. In ka ga gari-gari da gashi-gashi a bakin rami, tsaya ka wasa. Ka wasa a dutse mai laushi, sannan ka ja bakin ta baya a kan guntun fata sau goma zuwa goma sha biyar, ka riƙa komawa kan fatar duk bayan kwata ɗaya na awa. Na biyu, rashin shinge. Kafin ka tura U zuwa wani layi, ka fara sara layin da wuƙa zurfin milimita ɗaya da rabi, ɓawon zai zo nan ya tsaya. Na uku, tafiya gaba da jijiya. In ka ji ƙarfen yana nutsewa da kansa yana ɗaga katako a gabansa, juya allon ka zo ta ɗaya ɓangaren.

Abu mafi muhimmanci a riƙon wuƙa shi ne karkata. Duk layin da zai zauna baƙi ya kasance kamar kunya a gona, gindinsa ya fi kansa faɗi. In ka karkata wuƙar ta ci ƙarƙashin layin, ka yi masa zaizaya, zai karye a bugu na biyar ko na shida. Kusa da layi zurfin milimita ɗaya zuwa biyu ya isa, amma a tsakiyar babban farin fili ka kai uku, in ba haka ba rola za ta taɓa ƙasa ta bar zane-zanen baƙi. Wasu suna barin kaɗan daga cikin wannan sawun da gangan, kuma yana ƙara wa hoto rai in sawun ya bi hanya ɗaya, kamar ƙura a bayan dabba mai gudu. Wanda aka bari da ganganci daban, wanda aka manta daban, ido yana ganewa.

Ka buga wa teburinka guntun katako a matsayin tokari, allon ya jingina da shi. Hannuwa biyu duka su kasance a bayan bakin ƙarfe, ɗaya na turawa ɗaya na birki. Yawancin raunin da ake ji a wannan sana'a a hannun hagu ne da aka ajiye gaban ƙarfe don riƙe allo.

Zabuwa kyauta ce ga mai sassaƙa, domin dama baƙa ce mai farin ɗigo. Ka dasa ƙaramin U a tsaye ka murza shi, ɗigo ya fita, ko ka dakushe bakin ƙusa ka riƙa bugawa a hankali da ƙaramar guduma. Kada ka jera ɗigon kamar a takardar lissafi. Ya bi kumburin jiki a layuka masu lanƙwasa, ya fi girma da yawa inda haske yake, ya ƙanƙance ya yi nisa da juna wajen ciki. Da ɗigon kaɗai za ka nuna cewa tsuntsuwar tana da ƙiba. Bushiya kuma aikin V ne: ka nutsa shi a gindin ƙaya ka fizge sama da sauri, layin ya ƙare da tsini. Gashin kowace dabba haka yake, gajerun sara masu bin kwanciyar gashin, daga hanci zuwa wutsiya, kuma ba a cika jiki duka da su. Ka zuba su a kan iyakar haske da inuwa, ka bar sauran baƙi wuluk. Ido shi ne na ƙarshe, kuma ɗan farin ɗigon da ke cikinsa sara ɗaya ne tak, in ka ƙara na biyu dabbar za ta zama kamar a firgice.

Tambaya: Wani bugun yana fitowa da fari-fari kamar an watsa gishiri, wani kuma tawada ta cike ƙananan layukan. Da tawadar masu injin buga takardu nake aiki. (Daga wani mai karatu a Kumasi)

Amsa: Tawadar taka tana yi, yawanta ne matsalar. Ka ɗebi kamar ƙwayar gyaɗa ɗaya zuwa biyu don allo mai santimita 15 a 20, ka shimfiɗa a kan gilashi mai kauri ko tayil, ka murza da rolar roba a fili mai faɗin tafin hannu biyu, kana ɗaga rolar a ƙarshen kowace tafiya don ta juya. Kunne zai gaya maka: in tana ƙara mai ɗanko kamar ana cire ƙafa daga taɓo, kuma fuskarta ta yi tsini-tsini, ta yi yawa, ita ce ke malala cikin layi. Daidai ita ce in sautin ya koma siririn shuu, fuskar ta yi laushi kamar karan-miski. Ka hau allon da shafi siriri sau huɗu ko biyar ta fuskoki dabam-dabam, ba shafi ɗaya mai kauri ba. In tawadar ta yi tauri da sanyi, ɗigo ɗaya ko biyu na man linsid, wanda masu fenti ke tsinka fentin mai da shi, ya isa. Kananzir yana kashe mata ɗanko ya bar da'irar mai a takarda, a bar shi wajen wanki.

Gishiri-gishirin kuwa ko tawada ta yi kaɗan, ko guga bai isa ba, ko takardar tana da kauri da kaushi. Ka sani kuma bugu biyu ko uku na farko kullum a kodde suke fitowa, saboda sabon katako yana shan tawada, ka yi su a takardar jarida. Mai bugu da hannu ya nemi takarda siririya mai santsi, mai nauyin giram 40 zuwa 80 a kowane murabba'in mita. Ka ɗora ta sau ɗaya, kada ka ja ta, ka shafe da tafin hannu daga tsakiya, sannan ka goga da bayan cokali a ƙananan da'irori, kana sa wata takarda a tsakani don kada ta huje. Ka danne rabi da hannu ka ɗaga kusurwa ka leƙa, inda bai kama ba ka mayar ka ƙara guga. In hoton ya fito biyu-biyu, takarda ce ta motsa.

Ka rataye hotunan da ka buga da abin maƙale shanya a ɗakin da ƙura ba ta shiga, kwana biyu zuwa mako guda gwargwadon yanayi, da damina sun fi jimawa. Gilashi da rola a wanke da man gyaɗa sannan sabulu. Allon a goge shi da tsumma kawai, kada a jiƙa shi. Tsumman da ya sha man linsid kada a dunƙule shi a kwando, yana iya yin zafi ya kama wuta da kansa, a baza shi a waje ko a tsoma a ruwa.

Tambaya: Ban taɓa ganin karkanda ko damisa ido da ido ba. Zan iya sassaƙa su daga hotunan intanet kawai? (Daga wata ɗaliba a Yamai)

Amsa: Za ki iya, kuma shahararren hoton dabba a tarihin wannan sana'a haka aka yi shi. A 1515 aka kawo wata karkanda daga Indiya zuwa Lisbon, kyauta ga Sarki Manuel na Fotugal. Mai zane Albrecht Dürer yana Nuremberg a Jamus, bai gan ta ba, zanen wani da bayanin wasiƙa kawai suka iso masa. Ya yi mata jiki kamar mai sanye da sulke, ya ba ƙafafunta ɓawo irin na kifi, ya ƙara mata wani ɗan ƙaho a doron wuya wanda karkanda ba ta da shi. Hoton ya yi kyau har Turawa suka yi ta kwafarsa sama da shekara 200 suna ɗaukar haka dabbar take. Darasin aikin shi ne majiya ɗaya tana gadar da kuskure. Ki tara hotuna biyar ko shida na dabbar daga gaba, gefe da baya, ki kalli bidiyonta tana tafiya, ki nemi hoton ƙasusuwanta, sannan ki rufe su duka ki zana naki. Damisa kuma ki koye ta a jikin kyanwar gida, ginin jikinsu kusan ɗaya ne. Kwafar hoton wani mai ɗaukar hoto sak ki sayar ba tare da izininsa ba cin haƙƙi ne, haɗa naki daga majiyoyi da yawa ya fisshe ki. Kina Yamai kuwa, raƙuman dawa na Kure ba su da nisa da ke, kuma zanen jikinsu kamar don katako aka yi shi.

Tambaya: Ina son buga gauraka da launinta, tukkun ruwan zinare da baƙin jiki. Allo nawa zan sassaƙa, kuma yaya launukan za su hau daidai? (Daga wani mai karatu a Garwa)

Amsa: Hanya biyu ce, Malam. Ta farko allo ɗaya ga kowane launi. Ka fara sassaƙa allon baƙi, ka buga shi a takarda mai santsi, tun tawadar tana ɗanya ka kife takardar a kan sabon allo ka goga, hoton ya sauka a daidai wurinsa, ka sassaƙa allon rawaya daga nan. Ta biyu allo ɗaya ne ake ragewa. Ka cire abin da zai zauna fari, wato fiffike da saman kumatu, ka buga rawaya a dukan takardun. Ka goge allon, ka cire tukkun da zai zauna rawaya, ka buga ruwan toka a kai. Ka sake cire abin da zai zauna toka, ka rufe da baƙi. Daga mai haske ake farawa zuwa mai duhu, kuma kowane launi ya bushe kafin na gaba. Wannan hanya ba ta da komawa baya, allon yana ƙarewa tare da aikin, don haka mai son goma masu kyau ya fara da takarda goma sha biyar. Jan kumatun ƙarami ne, a ɗiga shi da buroshi daga baya.

Hawa daidai kuwa aikin kusurwa ne. Ka manna kwali mai kauri siffar L a kan wani faifan katako, allon ya riƙa zama a cikinsa kullum wuri ɗaya. A wajensa ka manna wata ƙaramar L da wani ɗan miƙaƙƙen tokari na takarda. Ka yanka takardun duka girma ɗaya, ka sa alamar fensir a kusurwar da za ta riƙa shiga, kullum ita ce za ta fara zama kafin ka saki sauran. Japanawa a jikin allon suke sassaƙa waɗannan alamomi biyu, suna kiransu kento, da su suke jera launi goma ko fiye ba tare da gocewa ba. Su da launin ruwa da kunun shinkafa suke bugu a kan takarda mai laima. Wanda zai gwada wannan da hunturu ya ajiye takardun cikin leda tsakanin bugu, domin takarda tana tsukewa in ta bushe, launi na biyu ba zai tarar da na farko inda ya bar shi ba.

In hotunan sun bushe, a ƙasan hagu ka rubuta lamba da fensir, misali 3/10, wato na uku cikin goma, sunan hoton a tsakiya, sa hannu a dama.

Tambaya: Kunnen akuyata ya ɓalle ina dab da gamawa. Allon ya tashi aiki ke nan? (Daga wani mai karatu a Damagaram)

Amsa: A'a, Malam, in ka tsinci guntun. Ka ɗiga masa farin gam na kafinta da tsinken sakace, ka mayar da shi, ka danne da salatif da wani abu mai nauyi har kwana ɗaya, sannan ka goge gam ɗin da ya fito. In guntun ya ɓata, ka rarake wurin ya zama rami mai kusurwa huɗu, ka yanko toshi daga irin katakon, jijiyarsa ta kwanta yadda ta allon take, ka manna shi ya ɗan fi fuskar allon tudu, ka goge shi har ya yi daidai, ka sake sassaƙa kunnen. Garin katako da gam yana cike ƙaramin rami a tsakiyar baƙin fili, amma ba ya riƙe siririn abu irin kunne ko ƙafa, kuma yana ɗaukar tawada dabam da katako, sai ka shafe wurin da ɗan fanis siriri kafin ka buga.